Baturiyar da Ke Tambayar Sunan Komai

A shekarar da muka ci anza a Damagaram Baturiyar nan ta sauka garinmu. Yaran yanzu ba su san anza a tukunya ba, sai a daji. 'Ya'yanta ake jiƙawa, a yi ta sake musu ruwa har ɗacin ya ragu, sannan a dafa a ci a gode wa Allah. Ruwan jiƙon ma abin nema ne, don Damagaram, wato Zinder, da ƙishirwa tun kaka da kakanni suke tare, balle da fari. Damina ta zo ta wuce ba ta bar komai ba, wata ta biyo sawunta haka nan. Mutanen ƙauye suka cika gari. Daga Guna, inda aka haife ni, dangina suka watse, wasu suka yi kudu, wasu suka tsaya bakin kasuwa suna jiran kamyon, babbar motar jar dawa ta taimako.

Ni kuwa ina aure cikin Birni, a gidan dukawa. Mijina baduku ne, ubansa ma baduku ne kafin Allah ya karɓi abinsa. A shekarar fata ta yi arha irin wadda ba a taɓa gani ba, saboda dabbobi na ta faɗuwa, amma mai sayen alabe ko gafaka babu shi. Sai mijina ya zauna a zaure yana ɗinki don kada hannu ya manta, ya rataye, gobe ya ɗauko wata fatar. Mata uku ne a cikin gidan: ni, da uwar mijina da muke ce wa Inna, da ƙanwarsa wadda ta yi lakwal, wato makarantar boko, har ta zama mai koyarwa. Ita muke tsokana da Madam.

Kafin zuwan baƙuwar da kaɗan muka yi rashi. Ɗana ne, na fari. Ƙyanda ta shigo gari da bazara, ta tarar da yara babu ƙarfi a jiki, ta yi ta ɗiba. Tun da na yaye shi Inna ta ɗauke shi, kamar yadda ake yi, ɗakinta yake kwana, hannunta yake ci. Sunan kakansa aka sa masa, mijin Inna. To a duba a gani. Ɗan fari ne, uwa ba ta kiran sunansa. Kuma sunan surukina ne, wanda ko a bakin wani na ji sai in sunkuyar da kai. Ƙofa biyu aka rufe mini a kan sunan nan. Inna ma ba ta faɗarsa, tunda sunan mijinta ne; angona take ce wa yaron. Ni kuma in ce ɗan Inna, ko in ce wancan yaron.

Ranar da aka kai shi, Inna ta yi kuka har muryarta ta dushe, kuma babu mai ganin laifinta. Ni na ja turmi na yi wa 'yan gaisuwa dakan abin da za a dama. In an ce mini ya haƙuri, in ce da godiya, in ci gaba da aikina. Ina jin tsofaffin unguwa na cewa, "Yarinyar nan ta Guna akwai kunya. Ko idonta bai yi ja ba." Ban zo gidan da dukiya ba, ban zo da karatu ba. Abin da nake da shi a wurin Inna da mutanen Birni ke nan, kuma na san da abin da na saye shi.

Wata rana Madam ta dawo daga lakwal ta ce, "Inna, gobe zan zo da baƙuwa. Daga Faransa take. An ce in riƙa zagayawa da ita gari. Mawaƙiya ce."

Inna ta ce, "Mawaƙiya a wannan shekara? Me za mu ba ta?"

"Ba irin wadda ake ba wa ba ce. A takarda take yin waƙarta."

"Makaɗanta fa?"

"Ba ta da su."

"'Yan amshi?"

"Babu, Inna."

"To wannan ai surutu take yi ita kaɗai. Kawo ta, Allah ya ba ta lafiya."

Ta zo. Doguwa ce, ba yarinya ba, rana ta gasa mata hanci har yana saɓa. Ta durƙusa ta gaida Inna da hannu biyu, an koya mata. Zan faɗi gaskiya a kanta, don ba na son in tashi da hakkinta: ba ta da girman kai, ba ta da ƙyama. Dambun tafasa muka ajiye mata, ta sa hannu ta ci.

Garin nan ya shige ta kamar maye. Madam kan dawo da yamma ƙafa duk a kumbure ta ce, "Matar yaya, ba ni ruwa, matar nan za ta kashe ni. Yau gaban wani gida a unguwar Zango muka tsaya tun hantsi, tana bin zanen bango da yatsa. Mai gidan har ya fito ya ce ko saye za ta yi." Gobe a ce marina suka je, ta riƙe hannun wani tsohon marini tana juyawa tana kallon baƙin shunin da ya kama shi har gwiwar hannu, tsohon na neman hanyar gudu. Jibi a ce sun hau duwatsun Birni ta zauna tana kallon soraye da zankwayensu har inuwa ta juya. Ranar da ta ji kakaki a ƙofar fada, wai toshe kunne ta fara yi, daga baya sai ga hawaye. Ta ce ta ga manyan birane a duniya, ba ta ga inda ƙasa da hannu kawai suka yi irin wannan ba. Mu da muka tashi muka tarar da su, sai muka fara ɗaga kai in za mu wuce.

Hausarta ba ta wuce gaisuwa da kalma ɗaya ba. Ta nuna abu ta ce, "Sunansa?" A zaure ta nuna wa mijina komai. Sunansa? Bagaruwa, da ita ake jima. Sunansa? Karan dafi, shi ke ba da ja. Ta maimaita, ta karkace shi, a yi dariya, ita ma ta yi. Yaran unguwa ma Sunansa suke ce mata. In ta shigo cikin gida wurina take zama, ina saƙar faifai tana kallon hannuna.

Madam ta ce, "Baƙauyar Guna ta yi ƙawa Baturiya. Saura ki ce a kai ki Faransa."

Na ce, "In na je ai ke zan ɗauka ki riƙe mini jaka, tunda alli bai hana ki yawo ba."

A cikin zuwan nan ta ga mata na shigowa suna yi wa Inna gaisuwa, ta tambaya. Madam ta gaya mata. Ta ce ɗan wa? Madam ta nuna ni. Matar ta dube ni, ta dubi faifan da ke hannuna, na ga fuskarta ta sauya. Suka daɗe suna faransanci. Bayan ta tafi na ce, "Me kika ce mata?"

"Cewa ta yi don me ba kya kuka. Na ce ɗan fari ne. Na gaya mata ba kya ɗaukarsa gaban mutane, ba kya kiran sunansa, ba ki taɓa ba, ba za ki taɓa ba. Na gaya mata sarai."

Wannan magana a riƙe ta. An gaya mata sarai.

Rannan da azahar gidan ya zama ni kaɗai. Inna ta tafi gaisuwar mutuwa, don a lokacin kullum akwai, Madam na lakwal, mijina ya tafi wurin rabon dawa. Sai ga Baturiyar ta yi sallama. Dama na yi mata alkawarin lalle. Na shigar da ita ɗaki, na buɗe adudu ina neman tsumman da zan ɗaure mata hannu. A nan ta gan su. 'Yan takalma ne na jar fata, ba su kai tafin hannuna ba. Na wancan yaron ne, ubansa ya yanka masa su don Sallah. Ɗaya an gama ɗinka shi, ɗayan ba a kai ga sa masa maɗauri ba.

Ta ce, "Sunansa?"

Na ce, "Takalmi."

Ta girgiza kai. Ta ɗauki wanda ba a gama ba ta ɗora a tafin hannuna, ta rufe da nata. Ta sake cewa, a hankali, "Sunansa."

Na sha tambayar kaina me ya buɗe mini baki. Na dube ta na ga ba ta da uwa a garin nan, ba ta da dangi, ba ta zuwa rijiya, ba ta zuwa biki. Kwana kaɗan za ta hau mota ta tafi inda babu wanda ya san ni. Na ɗauka kamar mutum ya sa kai cikin tulu ne ya yi magana. Sai na faɗa. Tun da na haife shi bakina bai taɓa yin wannan suna ba. Na faɗa sau ɗaya, na ji daɗinsa a harshe, sai na kasa tsayawa. Na yi ta kiransa kamar yana bayan ɗaki ne zai amsa. Na yi kukan da ban yi ba, fuskata a cinyar matar da ba ta jin abin da nake cewa. Ita ma ta yi kuka.

Da na dawo hayyacina na wanke ido. Na kama hannunta, na ɗora yatsana a bakina, na ce, "Amana." Ta ce, "Amana." Na sake faɗa, ta sake maimaitawa. Na ɗaure mata lallenta. Ya kama sosai, har Inna ta yaba.

Da tafiyar Baturiyar ta matso, aka ce za a yi mata taro a gidan raya al'adu, za ta karanta abin da ta rubuta a kan garinmu, Madam ce za ta mayar da Hausa. Ta zo da kanta ta roƙi Inna mu je. Inna ba ta fita irin wannan wuri, amma ta ce baƙo ba a ƙi masa. Bayan la'asar muka ɗauro zannuwanmu na adudu muka tafi. Wuri ya cika: malaman lakwal da muke ce wa mushe, ma'aikata, mutanen fada, magina, marina, da matan unguwarmu da suka biyo mu kallo. An rataye gafakokin mijina a bango, ya tsaya kusa da su sai ka ce shi ne angon. Aka ba mu kujeru a gaba, ni da Inna kafaɗa da kafaɗa.

Ta fara. Ta yi waƙar bango, Madam ta mayar: wai gidajen Zango sun yi ado sun fito ƙofa kamar masu jiran baƙi. Maginan suka yi ta gyaɗa kai. Ta yi ta marina, wai tsohon nan ya tsoma hannu a sama ya fito da ita. Aka yi dariya, aka nuno shi, ya rufe fuska da hula. Ta yi ta kakaki, wata mata ta saki guɗa. Inna ta sunkuyo ta ce mini, "Ashe surutun nata da ma'ana."

Sai ta ce saura ɗaya. Ta sauke murya. Ban jin faransanci, amma akwai kalmar da ba ta bukatar tafinta. Na ji ta ta faɗo a tsakiyar maganar kamar dutse a ƙwarya. Na ce kunnena ne. Ta sake faɗa. Amsa-kuwwa ta ɗauke shi ta kai har bakin titi. A ƙarshen kowane ɗango sai ta kira shi, ta ja shi, yadda na ja shi a ɗaki, amma a karkace, harshenta ya kasa harafin tsakiya.

Madam ta tsaya da baki a buɗe. Aka ce ta mayar, ta yi kamar ba ta ji ba. Aka sake cewa, ta ce maƙogwaronta ya bushe. Da a nan aka tsaya, da an ce a bakin maza ta ji sunan. Sai wani mushe mai son a san ya iya ya taso ya karɓa. Ya mayar da komai, bai bar ko ɗaya ba. Wai a cikin Birni, a gidan masu ɗinkin fata, akwai uwar da al'ada ta ɗinke wa baki. Wai ta ɓoye 'yan takalma ja. Wai da rana tsaka, da gida ya yi shiru, ta kira ɗanta na fari da sunansa, ta kira, ta kira. Shi ma ya faɗi sunan, shi daidai ya faɗe shi. Matar kuma ta miƙo hannunta mai lallena ta nuno ni, tana murmushi da hawaye, tana jira in tashi.

Aka yi tafi. Turawan da ke wurin da wasu ma'aikata suka tafa sosai. Bayanmu, inda matan unguwa suke, ko tari babu. Kafaɗar Inna da ke jingine da tawa na ji ta janye.

Muka kamo hanya ni da Inna har muka shiga lungunmu. Ta tsaya, ba ta dube ni ba, ta ce, "Na zauna da malam har na rufe masa ido, bakina bai san sunansa ba. Na goyi yaron nan, na wanke shi, ban kira shi ba. Ke kin ɗauka kin ba 'yar kallo."

Na ce, "Inna, ki yafe mini."

"Ni me kika yi mini? Naki ne kika bayar."

Mijina bai yi mini faɗa ba. Ya je ya kwaso gafakokinsa tun kafin a watse, ya kwana biyu bai zauna a zaure ba.

Washegarin taron Baturiyar ta zo sallama, da Madam a bayanta kamar wadda aka jawo da igiya. Ta kawo mini ɗan kwali mai kyau. Ta ga fuskata, ta tambayi Madam, suka yi magana, sai ta rikice. Madam ta ce, "Matar yaya, ai ta tambaye ni rannan mene ne amana, ban san dalili ba. Na ce mata abin da aka ba ka ka riƙe, kada ya ɓata, kada ya salwanta. Wai ita a wurinsu, in ana son abu kada ya ɓata, a waƙa ake sa shi. Wai ta zaci abin da kika roƙe ta ke nan. Wai yanzu ba zai mutu ba."

Na ce, "Tambaye ta, yatsan da na ɗora a bakina fa? Shi ma sai an mayar mata da faransanci?"

Madam ta tambaye ta.  Baturiyar ta durƙusa ta kama ƙafata tana kuka, tana faɗin wata kalma tana maimaitawa. Ban tambayi ma'anarta ba. Na janye ƙafata, na ɗebo mata ruwa a moɗa, don baƙuwa ce har yanzu. Na ce Allah ya kiyaye hanya, a gaida mutanen gida. Ɗan kwalin na ba wata Buzuwa da ke bara a ƙofarmu.

Da a ce ta tafi da abinta ne, da da sauƙi. Ta bar shi a garin. Yaran da suka leƙa ta katanga ranar taron sun ji yadda take jan sunan a karkace, abin ya ba su dariya, suka mai da shi waƙar wasa. Su ba su san na wane ne ba. A dandali, a bakin famfo, a bayan katangarmu, wannan ya ja, wancan ya amsa, suna kwaikwayon muryar Baturiya suna tafi. Ina tankaɗe ina ji. Inna na lazimi tana ji. Ranar da ya ishe ta ta fita da kara ta kore su, ta dawo ta shige ɗaki ta saki labule. A wurin daka kuma mata ba su rasa habaici ba. Wata ta ce, "Kunyar ƙauye ai ta gaban mutane ce." Wata ta amsa, "A'a, ku bar ta, ita da Faransa take ganawa." Tsofaffin da suka yabe ni su suka fi kowa saurin kawar da kai.

Ruwa ya dawo, gero ya yi, yaran suka sami wata waƙar. Na haifi wasu 'ya'yan, Allah ya raya su. Inna ba ta taɓa wulaƙanta ni ba har ta koma ga Mahaliccinta, ni na yi jinyarta. Amma da na yaye na biyu ba ta ce a kawo mata shi ba, kuma duk wata magana ta cikin gida, in na shigo, sai ta sake wata.

Wannan duka na iya ɗauka, don mutane ne, kuma mutane sun ƙare. Abin da ban yafe ba shi ne wanda babu wanda ya gani. Kafin zuwanta sunan nan yana cikina lafiyayye. In ina niƙa, in ina ɗibar ruwa, in kira shi a zuci, ya zo mini da fuskarsa. Tun daga ranar taron, in na neme shi, da muryarta yake zuwa, a karkace, babu harafin tsakiya, da tafi a bayansa. Na yi ta ƙoƙarin in gyara shi a raina, ya ƙi gyaruwa. Ga shi na tsufa, haƙora sun zube, har yau haka nake jin sa.